Sharhi kan rewayan da ya gyara mana kulocin taraktar yankan ciyawa

Ni nake kula da filaye da kayan aiki a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Muna da filin ƙwallo da harabar gaba, kuma duk wanda ya san Kaduna a watan Agusta ya san ciyawa ba ta jiran kowa. Ka yanke ranar Asabar, kafin wata Asabar ta kawo idon sawu. Abin da muke yanka da shi wata 'yar ƙaramar tarakta ce ta hannu, irin wadda ake zama a kai, an shigo da ita daga Amurka. Faɗin yankanta inci 42, wuƙaƙe biyu a ƙarƙashi, injinta Briggs & Stratton, kuma shi injin bai taɓa ba mu ciwon kai ba.

Matsalar ta fara ne a tsakiyar damina. Gadinanmu zai hau, ya ja makunnin wuƙaƙe, aiki ya kankama lafiya lau. Bayan kamar minti ashirin sai wuƙaƙen su tsaya cak, inji kuwa yana ta ruri abinsa. In an bar ta ta huce sai ta dawo, ta sake yin minti ashirin ɗin. Mai gyaran janaretonmu ya ce bel ne, muka canja bel, ba ta canja zani ba. Daga nan ya kawo shawarar a kai kulocin da ke haɗa wuƙaƙe da inji wurin mai walda a liƙe shi gaba ɗaya, a kuma haɗe wayar makunnin da ke ƙarƙashin kujera. Na ƙi, kuma har yau ina godiya ga Allah da na ƙi. In aka liƙe kuloci, da an tayar da inji wuƙa tana juyawa, ba mai tsayar da ita sai an kashe. Makunnin kujerar kuwa shi ke yanke wuta idan direba ya tashi ko ya faɗo. A filin da yara 'yan firamare ke guje-guje, wannan ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne.

Direban motar makaranta ne ya haɗa ni da wani rewaya mai gyaran AC na mota a wajejen Panteka. Da farko na yi shakka, don me ya haɗa mai AC da injin yankan ciyawa? Da ya zo ya leƙa ƙarƙashi sai ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ɗan'uwan kulocin kwamfureson AC ne, girma kawai ya fi shi." Ya yi mini bayani a tsaye. Kulocin yana ɗaure a ƙasan karanshaf, wato sandan ƙarfen da inji ke juyawa. A cikin kulocin akwai kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla, idan wutar batir ta shige shi sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani faifan ƙarfe ya manne da wanda ke juyawa tare da inji, fuli, wato gargaren da bel ke bi ta kansa, ya ja bel, bel ya juya wuƙaƙe. Da an ɗauke wutar sai sifirin ya mayar da faifan, ya gogi birki, wuƙaƙe su tsaya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne yadda ya bi aikin. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama da mita. Ya sa gadina ya zauna a kujera, ya murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ya ja makunni, shi kuma ya kasa kunne a ƙasa. Muka ji "ƙas". Ya ce to, fis da makunnin kujera da na wuƙaƙe duk suna ba da hanya. Ya auna batir a kashe, volt 12.6. Aka tayar, ya haura zuwa wajen 14, wato caji yana shiga. Wannan awon yana da muhimmanci, domin kulocin yana shan wuta muddin yana aiki, kuma in caji ya mutu, batir zai yi ta raguwa har maganaɗisun ya saki, mutum ya ɗora wa kuloci laifin da ba nasa ba. Sai ya zare soket ɗin kulocin ya auna kwayil, ya samu om 3 da ɗoriya kaɗan, om kuwa shi ne ma'aunin yadda waya ke tauye wuta. Ya ce irin waɗannan yawanci tsakanin om 2 ne zuwa 4. In ya faɗi ƙasa sosai ya ƙone ya haɗe, in mita ba ta nuna komai ba waya ta tsinke a ciki. Namu lafiyarsa ƙalau.

Daga nan ya fito da siraran ƙarafan nan da ake saita bawul da su. A gefen kulocin akwai 'yan tagogi uku, kusa da kowace akwai noti a kan sifirin. Ya zura mai kaurin milimita 0.4, ta shige tana lilo. Ya haɗa biyu, suka kusa shiga. Tazarar da ke tsakanin faifan biyu, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 0.3 da 0.4 ta kusa ninkawa saboda faifan ya cinye da shekaru. Nan ne na gane sirrin minti ashirin ɗin. Wayar tagulla in ta ɗau zafi tana ƙara tauye wuta, kusan kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10. Da sanyi maganaɗisun yana da ƙarfin da zai riƙe faifan duk da nisan, da ya yi zafi ƙarfin ya ragu sai ya sake shi. Ya riƙa ɗaure notocin uku kaɗan-kaɗan, yana zagayawa yana aunawa, har kowace taga ta riƙe ƙarfen awon daidai wa daida. Ya juya fulin da hannu don tabbatar da bai kama ba. A ranar gadina ya yanke filin ƙwallo gaba ɗaya ba tsayawa.

Kafin ya tafi ya faɗa mini gaskiyar da wani zai ɓoye. Ya cire bel, ya juya fulin kulocin, ya ce in sa hannu. Na ji yana gurzawa kamar an zuba yashi a ciki. "Boris ɗinsa ya tafi, Yallaɓai. Saitin nan zai kai ku 'yan makonni, amma ku fara neman sabo." Ya kuma nuna mini abin da ya ci kulocin. Da muka ɗaga kaskon da ke rufe wuƙaƙe, ɗanyar ciyawa ta daskare a ciki kamar yaɓen laka, boris ɗin wuƙar hagu kuma da ƙyar yake juyawa. Ga gadinanmu, da kyakkyawar niyya, yakan shiga tsakiyar doguwar ciyawa sannan ya ja makunni. Duk wannan nauyin a kan kuloci yake sauka, ya riƙa sulɓi yana ɗaukar zafi.

Sabon kulocin ta hannun wani dillali a Legas muka samo shi. Rewayan ya hana ni yin oda da hoto kawai. Ya rubuta mini kaurin karanshaf, namu inci 1 ne, akwai kuma masu inci 1 da 1/8, da faɗin fuli, da ɓangaren da yake juyawa, da lambar da ke jikin tsohon. Ya iso daidai, sai dai abu biyu ba su yi mini daɗi ba. Wayarsa gajera ce kuma bakin soket ɗin ya bambanta da namu, dole aka yi ƙari. Sannan ba shi da notocin saiti, wato ranar da tazararsa ta buɗe ba za a yi masa abin da aka yi wa tsohon ba.

Shi ma rewayan ina da ƙorafi a kansa. Ya ce Litinin, sai Laraba muka gan shi, ciyawa kuwa tana ta tashi. Kuma ya zo ba shi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ya so ya ɗaure ƙusar karanshaf da ƙiyasin hannu. Takardar da ta zo da kulocin ta faɗi adadin ɗaurin, na nuna masa, na ce mu nemo. Bai yi gardama ba, ya aika yaronsa ya aro. Ƙusar nan in ta yi sako-sako kulocin zai riƙa rawa ya ci karanshaf, in ta wuce kima ta matse boris.

Sauran aikin ba abin cewa. Ya cire wayar fulogi da ta batir kafin ya shiga ƙasa. Tsohon ya yi tsatsa ya kafe, amma bai ɗauki guduma ya hau duka ba, ya fesa mai ya jira, ya zaro shi a hankali. Ya goge karanshaf ya shafa ɗan giris, ya tabbatar ƙarfen da ke hana jikin kulocin juyawa ya shiga raminsa da ɗan sarari, ya ɗaure wayar nesa da bel. Ya canja boris ɗin wuƙar hagu. Sannan ya sa inji a rabin wuta, yana kunna wuƙaƙe 'yan daƙiƙoƙi yana kashewa, sau da dama, don fuskokin faifan su zauna da juna kafin a ɗora musu nauyi.

Gwajin ƙarshe ni na roƙa. Na ce a kunna wuƙaƙe a cikakkiyar wuta a kashe, ina kallon agogo. Ƙa'idar masu ƙera irin waɗannan injuna a Amurka ita ce wuƙa ta tsaya cikin daƙiƙa 5. Tamu ta tsaya kafin nan. Gadina ya ɗaga daga kujera wuƙaƙe na aiki, nan take komai ya mutu. Kuɗin aikinsa na zuwa biyun bai kai rubu'in kuɗin kulocin ba. Mun ƙarasa damina har yankan ƙarshe a Oktoba ba a sake tsayawa ba, kuma yanzu gadina yana kunna wuƙaƙe a inda aka riga aka yanke, yana kankare ƙarƙashin kasko duk ranar da ya gama aiki.