Kafin ka kashe kuɗi a kan manhajar saita kik

Duk furodusan da ya taɓa jin kik (bugun babbar ganga mai zurfin murya) da bes (sautin ƙasa mai kauri) suna kokawa a ƙasan kiɗa ya san ciwon abin. Kiɗan ya yi kauri, ya dagule, ka ƙara murya amma ƙarfin bai fito ba. Sau da yawa dalilin shi ne kik ɗin na kuka a wani sauti daban da kii ɗin waƙar, wato sautin da aka gina waƙar a kansa. Sai dai ba kowane kik ne ke buƙatar saiti ba. Gajere mai "tas" ya wuce kafin kunne ya kama sautinsa. Mai doguwar jela, irin na injin ganguna Roland TR-808 da ya fito a 1980, shi kam bes ne sosai, dole a saita shi kamar yadda makaɗi ke matse tsirkiyar kalangu har muryarta ta hau waƙa.

Na farko dai, abin aunawa, kuma kyauta ne. Voxengo SPAN, manhajar da ke zana sauti a allo, zai nuna maka inda tudun kik ɗin ya fi tsayi a ma'aunin Hz, wato yawan girgizar sauti a daƙiƙa. Idan ya tsaya a 43.65 Hz, sautin F ke nan. 49 Hz G ne, 55 Hz kuma A. Daga nan ka ɗaga samfurin, wato naɗaɗɗen sautin kik ɗin, ko ka sauke shi a cikin manhajar haɗa kiɗanka, FL Studio ko Cubase. Na'urar saita sauti irin ta jita takan rikice a nan, domin sautin kik daga sama yake faɗowa kafin ya zauna, don haka jelar za ka auna, ba bugun farko ba. Aibin hanyar ɗaya ne: in ka wuce rabin mataki (tazarar sauti zuwa na kusa da shi) biyu ko uku, kik ya fara canza hali, ya yi laushi in an sauke shi, ya sirance in an ɗaga.

Manhajar Waves Torque na gyara sautin ganga bayan an riga an ɗauka, ba tare da kashe kaifin bugun ba. Mai ɗaukar ganguna na gaske zai more shi. Mai aiki da samfura kuwa, ban ga abin da zai sa ya yi gaggawar saye ba.

Inda nake ganin kuɗi ba ya ɓata shi ne Kick 2 na Sonic Academy, ko magajinsa Kick 3. Nan ba gyara kake yi ba, ƙira kake yi. Ka ja layin sautin da hannunka, manhajar ta rubuta maka sunan sautin da jelar za ta sauka a kai, ka yanke tsawonta daidai da gudun kiɗan. Waƙar da ke kan C tana nuna amfaninsa: C na ƙasa 32.7 Hz ne, sifiku da yawa ba sa fitar da shi, sai ka ajiye kik a kan G, sauti na biyar, ya zauna lafiya da bes.

Amma in sifikun sitidiyonka ƙanana ne, ba sa kaiwa 50 Hz, ajiye maganar sayen manhaja tukuna, ka sayi hedfon mai fitar da ƙasa sosai. Kuma tunda yawancin masu sauraro a waya za su ji waƙar, ƙara wa kik ɗin ɗan sachureshan, wato ɗan gurza sauti da ke ƙara masa muryoyin sama, domin sifikar waya ta samu abin kamawa.