Allurar Verorab bayan cizon karen yawo: tana aiki, amma a kula da inda aka saye ta

Karnukan da ba su da mai su sun yawaita a bakin kwata da juji da bayan gari, kuma yara ne suka fi shan cizonsu. Duk wanda irin wannan kare ya ciza, a ɗauka kawai karen yana da ciwon hauka, tunda ba za a iya tsare shi kwana 10 a ga halinsa ba.

Verorab allurar rigakafin ciwon haukan kare ce ta kamfanin Sanofi, kuma allura ce mai kyau. Kafin a kai gare ta, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15. Kada a ɗinke, kada a cusa barkono ko gashin karen. Ana yin ta ranar cizon, sai rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, a dantse, jarirai kuma a cinya. A ɗuwawu ba ta kamawa sosai, kada a yarda.

Matsalarta biyu. Tana da tsada, shi ya sa mutane ke tsayawa bayan ta biyu, wanda ganganci ne. Sannan dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8. Kemis ɗin da firijinsa ke mutuwa in an ɗauke wuta na iya sayar maka da wadda ta lalace. Gara kantin maganin babban asibiti.

In cizon ya huda fata, musamman a fuska ko hannu, a nemi ƙarin allurar immunoglobulin, wato allura mai ɗauke da garkuwar da ke yaƙar cutar nan take, da ake yi cikin ciwon, don Verorab kaɗai ba ta isa ba.