Samarin da suka zana mana filin unguwa, yabo da ƙorafi

Ni dai da farko ban yarda da su ba wallahi. Karo-karo muka yi a unguwa muka ɗauko wasu samari masu tsara gari su gyara mana filin gaban masallacinmu a Pantami cikin garin Gombe, muna jiran mu ga tifa da bulo sai ga su da kwamfuta da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, kwana 3 cur suna zaune gindin darbejiya suna ƙirga masu wucewa. Baffana ya ce shi kenan an ci kuɗin.

Ranar da suka buɗe mana taswirar a QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, kowa ya yi tsit. Jan layi ne ya ratsa filin a karkace daga famfon burtsatse zuwa bakin titi, wato nan ƙafa ke bi, mu kuwa a gefe muka so a yi hanya don ta fito a miƙe. Kuma mun riga mun yanke a sare darbejiyar a jera shaguna, babbansu ya ce Baba ku yi haƙuri, ya nuna inda inuwarta ke faɗawa tun azahar har bayan la'asar, ya ce nan za a sa bencina. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Gombe ya san gaskiyar yaron. Bishiyar nan tana nan, dattawa sun mamaye wurin, an shimfiɗa intalok daidai sawun mutane, an kafa turakun siminti suka hana acaba da keke napep ratsowa. Yara na zuwa islamiyya ba fargaba, wannan kam Allah ya saka.

Amma fa Litinin zuwa Laraba suka yi ƙirgen nan, ba wanda ya tuna Juma'a. Sahu ya fito waje ya ci karo da bencina, ranar da aka yi rasuwa kuma motar gawa ta kasa shigowa saboda turakun, sai a kafaɗa aka kai makara har titi. Ga magudanar ruwa da suka yi ƙarama a garin da kowa ya san zaizayar ƙasa, ruwan Agusta ya fara cinye gefen intalok ɗin. Na kira sau 4 su zo su duba, kullum gobe in sha Allah.