Kafin ka kashe kuɗinka a kan The Dark Tower na Stephen King

Littattafai takwas ne, kuma har yau bakin masu karatu bai zo ɗaya a kansu ba. Wasu na cewa shi ne bakandamiyar King, wasu kuma suna rantsuwa cewa daga littafi na biyar labarin ya sukurkuce. Saboda haka duk wanda ya ce ka sayi takwas ɗin a kwali guda tun tashin farko, ba ya tausayin aljihunka. Fara da biyu kawai: The Gunslinger da The Drawing of the Three.

Na farkon a bushe yake. Roland, ɗan bindigar ƙarshe na Gilead, yana bin sawun wani mai baƙaƙen kaya a cikin hamada, kuma a nan mutane da yawa ke ajiye littafin. Na biyun, wanda ya fito a 1987, shi ke kama mutum: ƙofofi tsaye a bakin teku babu bango, Roland ya leƙa ta ɗaya ya tsinci kansa a cikin kan Eddie Dean, ɗan ƙwaya daga New York. In wannan bai riƙe ka ba, ka huta da sayen sauran shida.

The Gunslinger bugu biyu ne, na 1982 da wanda King ya gyara a 2003. Ni dai na 2003 nake so, kuma shi zan ba kowa shawara. King ya sassauta harshen, ya gyara wuraren da suka ci karo da littattafan da suka biyo baya, ya kuma dasa alamomin da sai ka kai na bakwai za ka gane amfaninsu, har da lamba 19 da za ta yi ta bin ka. Gane shi ba wuya, akwai gabatarwa mai suna "On Being Nineteen" a farkonsa. Masu cewa tsohon ya fi armashi galibi shi suka fara karantawa, sabo ne kawai.

Na sauraro yana da daɗi, musamman muryar Frank Muller a na biyu zuwa na huɗu. Fim ɗin 2017 kuwa, duk da Idris Elba, kada ma ka ɓata datarka. The Wind Through the Keyhole na 2012, cikon na takwas, labarinsa ya faɗo ne tsakanin na huɗu da na biyar, amma bar shi sai ƙarshe. Ka kuma sani cewa na biyar zuwa na bakwai sun fito a jere, 2003 da 2004, bayan motar da ta buge King a 1999, kuma ya saka kansa a cikin labarin. Wannan da yadda aka rufe labarin su ne manyan abubuwan da ake rigima a kai.

Sai maganar jabu, wadda ta fi komai ci mini rai. Na taɓa sayen na huɗu, Wizard and Glass, a hannun wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi, an naɗe shi da leda tsaf. Ina tsakiyar labarin Susan Delgado, masoyiyar Roland, shafuka suka yi tsalle, wasu kuma aka maimaita su. Kada ka biya sai an yage ledar. Buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi, ɗaga takardar ka ga ko rubutun baya yana ratsowa, ka ɗan tanƙwara gindin littafin, domin gam ɗin jabu nan take yake tsagewa. Gwanjo na asali, ko da ya yi ja, ya fi sabon jabu. Masu sayarwa ta intanet kuma sukan nuna hoton na gaske su aiko da wani, ko su ce cikakke ne alhali bakwai ne a ciki. Ka nemi bidiyon ainihin wanda za a aiko maka.

Abu ɗaya ne ba jabu ba: na uku, The Waste Lands, yana yankewa ne ana tsakiyar tafiya a cikin jirgin ƙasa mai suna Blaine. Haka King ya rubuta shi a 1991, masu karatu suka yi ta jiran na huɗu har 1997. Kada ka je ka kama mai shago da faɗa.