Sharhi: Wasan da aka ɗauko maganganunsa daga bakin 'yan mazan jiya da 'yan gudun hijira

Ranar Asabar bayan la'asar na biya naira 1,000 a ƙofar wani ɗakin taro da ke wajen Jekadafari a garin Gombe, na shiga kallon wasan kwaikwayon da wasu matasa suka shirya. Ƙanwata ce ta matsa mini. Ni na ɗauka irin wasan wayar da kai ne da muka saba gani, a yi rigima, mai unguwa ya zo ya sasanta, kowa ya kama gabansa. Ba haka na tarar ba.

Kafin a fara, jagoran shirin ya ce duk shaidar da za mu ji babu wadda suka ƙirƙira. Watanni suka yi suna zama da tsofaffin sojoji da kuma mutanen da rikicin Boko Haram ya koro zuwa Gombe, suna naɗar muryoyinsu da yardarsu, sannan suka zaɓi abin da za a faɗa a dandali. Salon ya daɗe a wasu ƙasashe. A Jamus, a 1965, an yi wasan da aka gina a kan shaidar da aka bayar a kotun Frankfurt game da Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi wa mutane kisan kiyashi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ni dai ranar na fara ganin irinsa da Hausa.

Kayan dandalin ba su taka kara sun karya ba: tabarma, benci, akwatin ƙarfe da tsohuwar rediyo. Sai a kunna muryar mai labarin ta ainihi, ta yi jimla biyu ko uku, ɗan wasa ya karɓa daga inda ta tsaya. Wannan dabara ta yi aiki ƙwarai, domin kunnenka ya riga ya shaida akwai mai maganar.

Labarin wata baiwar Allah 'yar Gwoza ne ya fi tsaya mini a rai. Ta fito a watan Agustan 2014 da garin ya faɗi, ta bi ta Madagali ta isa Mubi. Ba ta gama hutawa ba, a Oktoba Mubi ma ta faɗi, ta sake ɗaukar yara zuwa Yola, daga can wani direban tirela ya kawo su Gombe. Yarinyar da ta fito a matsayinta ba ta gyara mata Hausa ba. Ta bar ta da harshenta na mutanen dutse, da inda take tsayawa ta nemi kalma, da inda take maimaita abu sau uku. Tana magana tana murza wani makulli da ke ɗaure a haɓar zanenta. Ba ta ambace shi ba sai can ƙarshe, da ta ce na ɗakinta ne, kuma an gaya mata ɗakin ko ƙofa babu. Ba ta yi kuka ba. Ɗakin taron ya yi tsit har ana jin fanka.

Abin da ya fi ƙona mata rai ma a nan cikinmu ya faru: neman ɗakin haya, da yadda mai gida kan canja fuska da zarar ya ji daga inda ta fito. Yawancin waɗanda suka gudo Gombe cikin unguwanni suka zauna, a Pantami da Bolari da Tudun Wada, muna cin kasuwa ɗaya da su. Na ji nauyin wannan maganar, don na san gidajen da aka yi haka a layinmu.

Ɓangaren sojoji kuwa wani dattijo ne ya hau da kansa, bai yarda a wakilce shi ba. Yana cikin waɗanda aka tura Laberiya a rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma a 1990. Ya zo da baƙar leda, ya zazzage ta a kan benci: takardar sallama, hotuna, da tarin takardun da yake yawo da su duk lokacin tantance 'yan fansho. Labarin fagen daga kaɗan ya bayar. Ya fi daɗewa a kan dawowa gida, da rashin barci, da yadda 'ya'yansa suka koyi kada su tashe shi da taɓawa, sai dai su kira shi daga bakin ƙofa. Haka muka yi da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, duk ranar 15 ga Janairu yakan goge takalminsa ya tafi taron tunawa da 'yan mazan jiya, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa gaya mana abin da ya gani ba. Ban san akwai wani gida mai irin dokarmu ba sai ranar.

To, amma akwai inda suka ɓata rawarsu da tsalle, kuma dole in faɗa. A tsakiyar wasan suka saki ƙarar bindiga da ta fashewar bam a lasifika, ba tare da sun gargaɗi kowa ba. Matar da ke gefena ta miƙe jikinta na rawa, ta ja ɗanta ta fita, ba ta dawo ba. Wannan gari ne da bam ya tashi a Tashar Dukku a Disambar 2014, ya kuma tashi a babbar kasuwa a Yulin 2015 ana sayayyar sallah. Mutanen da kuka gayyato ba sa bukatar a tuna musu yadda ƙarar take. Maganar mai makulli ta isa.

Haka nan barkwancin shingen bincike da suka cusa, inda samari biyu ke kwaikwayon karɓar na goro. An yi dariya, dariyar kuma ta biyo mu har cikin shaidar da ta zo bayansa, wasu yara a baya suka kasa dainawa. Wannan ɓangaren su suka rubuta shi, kuma da ji ka san ba daga bakin kowa aka ɗauko shi ba. A cire shi. Janareta ma a matsar da shi nesa da taga, don na layin baya sun sha cewa a ɗaga murya.

Da aka tashi na tsaya na gaishe da dattijon. Na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari, mahaifina ma soja ne." Ya riƙe hannuna ya tambaye ni bataliyarsu. Na kasa ba shi amsa. Ya ce, "Ɗana, je ka duba akwatinsa, takardar sallama ba ta ɓata."

Sun ce za su sake nunawa, kuma zan koma, da sharaɗin su sanar da mutane batun ƙarar tun daga ƙofa ko su yar da ita gaba ɗaya. Ban ba da shawarar a je da ƙananan yara ba. Akwatin Baba yana ɗakin Inna a ƙarƙashin gado, na riga na roƙe ta makullinsa, ta ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.