Rama da yakuwa: ina bambancinsu?

Hajiya, kin tambaya ko rama da yakuwa tsiro ɗaya ne, tunda ganyensu duka da tsami, furensu kuma ya yi kama. 'Yan gida ɗaya ne, dangin kuɓewa da auduga da lalo, amma kowa da halinsa.

Ki fara duba karan. Rama miƙewa take yi sambal, ba ta cika reshe ba, takan kai mita 3 zuwa 4 idan ta samu ruwa. Ki shafa jikinta, za ki ji ƙananan ƙayoyi masu sa ƙaiƙayi. Ɓawonta ake jiƙawa a ɗaye a tufka igiya, ganyen kuma a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Yakuwa, wadda Sakkwatawa ke ce wa sure, gajera ce, da wuya ta wuce mita 2, tana baza rassa, karanta sumul, galibi ja.

Furen ne ke ruɗa mutane: duk biyun fari-fari ne mai sirkin rawaya, tsakiyarsa ja wur, ya buɗe da safe ya yanƙwane kafin dare. Ki jira ya faɗi, a nan za ki raba su. Kwanson da ke riƙe da furen rama bushewa yake yi, ya bar ƙaiƙayi. Na yakuwa kuwa kumbura yake yi, ya yi kauri, ya cika da ruwa mai tsami, ya lulluɓe 'ya'yan. Shi ne zoɓorodon da muke sha, ba furen ba. Akwai farar yakuwa ma, wadda kwansonta ke shiga miya, 'ya'yan kuma, gurguzu, da su ake daddawar batso.

Wajen zama, duk biyun suna son rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, amma a ganina yakuwa ta fi jure wa jigawa da ƙarancin damina. Shi ya sa ake shuka ta a iyakar gonar gero, daga Jigawa da Maraɗi har Kordofan ta Sudan, inda ake ce wa zoɓon karkade. Kada ki damu idan yakuwarki ta daɗe ba ta yi fure ba: sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba, take fitar da shi, a tsinki zoɓon da shigowar hunturu.