Kwatano ko Abidjan: amsa ga mai aiki da kwamfuta daga gida

Malam, na ga tambayarka. Kana Kano, aikinka duk a kwamfuta yake, kamfanin waje ke biyan ka da dala, kana so ka yi shekara guda a garin da ake Faransanci har bakinka ya faɗa, amma ka rasa na ɗauka tsakanin Kwatano ta ƙasar Benin da Abidjan ta Kodebuwa. Ni dai Kwatano zan ce maka, duk da akwai wuraren da Abidjan ta yi mata fintinkau.

Shiga ba matsala. Benin da Kodebuwa duk suna cikin ECOWAS, fasfonka ya ishe ka zaman kwana 90 ba biza, bayan nan ka nemi takardun zama. Kuɗinsu ma ɗaya ne, sefa, kuma ɗaure take da yuro: sefa 655.957 kan yuro ɗaya. Wanda ya saba da farashi na tashi kowane mako zai samu natsuwar lissafi.

Inda suka rabu shi ne haya. A duka biyun wata-wata ake biya, ba shekara ba irin tamu, sai dai shigar farko akwai nauyi. Dokar Kodebuwa ta ƙayyade wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya, dillali kuma ya karɓi nasa, ka ga an doshi kuɗin wata biyar kafin ka riƙe makulli. A Benin, tun 2018 doka ta ce ajiya kada ta wuce ta wata uku. Doka daban, abin da mai gida zai faɗa maka daban, musamman in ya ji harshenka na baƙo. Kuma unguwannin da mai irin aikinka ke nema a Abidjan, wato Cocody, Deux Plateaux, Riviera ko Zone 4 ta Marcory, tsadarsu ba ta wasa ba ce. A Kwatano Haie Vive ce ta Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyi, ita ma da zafi, amma Fidjrossè da ke bakin teku da Cadjèhoun ta kusa da filin jirgi sun fi sauƙi, kuma ba ka yi nisa da komai ba.

Abu biyu za ka duba da idonka kafin ka sa hannu. Na farko mita. Ka tabbatar taka ce kai kaɗai, ta kati, don gidan da ake raba kuɗin wuta ba ya rabuwa da rigima, kai mai kwana da kwamfuta da fanka kai za a riƙa ɗora wa. Na biyu bango. Kwatano shimfiɗe take tsakanin teku da tabki, damina na cin unguwanni irin su Agla da Vossa. Ka sunkuya ka duba ƙasan katanga, in ka ga layin ruwa ya bar shaida ko an shafa sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, ka yi sallama ka wuce. Abidjan ma ba ta tsira ba, ambaliyar Yunin 2018 ta yi ɓarna har a Riviera Palmeraie, unguwar masu hali.

A harkar intanet da wuraren zaman aiki na haya, Abidjan ce gaba, ba gardama. Can ne manyan kamfanoni suke, can ne hedikwatar Bankin Raya Afirka, in kana neman sababbin abokan hulɗa can za ka same su. Amma ko'ina ka sauka ka riƙe layi biyu, MTN da Moov a Kwatano, ko Orange da MTN a Abidjan. Ko hakan ma bai ceci mutane ba a watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, intanet ta ɗauke wa jama'a da yawa a ƙasashen biyu. Agogo kuma: Kwatano lokacinta ɗaya da Najeriya, Abidjan tana baya da awa guda.

Zirga-zirga ita ce ta sa na karkata. A Kwatano ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa, zemijan, zai kai ka kusan ko'ina cikin ɗan lokaci. Abidjan ruwa ya raba ta, gadoji ke haɗa ta, cunkoson safe da yamma kuwa sai wanda ya gani. Gadar Henri Konan Bédié da aka buɗe a 2014 ta rage, amma biya ake yi. Sannan in wani abu ya taso a gida, daga Kwatano iyaka ɗaya ce, Seme, ka faɗa Legas. Daga Abidjan ta mota sai ka ratsa Ghana da Togo da Benin, iyaka huɗu, ko ka sayi tikitin jirgi.

Sai maganar da na san za a ba ka shawara a kanta: Zango. A Kwatano akwai unguwar Zango da babban masallacinta, da masu canji da masu tsire, Hausa kake ji ko'ina. A Abidjan ma za ka tarar da mutanenmu a Treichville da Adjamé, har garba, abincin rogo da soyayyen kifi da duk gari ke ci, 'yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Ka je Juma'a, ka ci abinci, ka yi abokai, su ne za su nuna maka dillalin kirki. Amma kada ka kama ɗaki a ciki. Wata shida za ka yi ba ka haɗa jimla ɗaya ta Faransanci ba, ga hayaniya lokacin da kake taro ta bidiyo. Faransancin titin Abidjan ma gauraye yake da nushi, yaren samari, mai koyo zai sha wuya kafin ya rarrabe.

Ka fara da ɗaki mai kaya na wata ɗaya a Fidjrossè, in da hali cikin Yuni lokacin da ruwa ke tsakiyar zuba, ka zaga unguwanni da ƙafarka. Takardar haya kuma da Faransanci za a rubuta ta, ka nemi wanda ya iya ya karanta maka ita layi-layi, musamman wurin da ya yi maganar mayar da kuɗin ajiya.